Bakin Lorna da Sirrin Gidan Tangaran

A garinmu, idan kina son labari ya kai bakin teku kafin shayinki ya huce, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ki je wurin Lorna Veinot, ki rage murya, ki ce mata, "Don Allah kada kowa ya ji." Shi ke nan, kin gama aikinki. Shingen katako ne kawai tsakanin gidana da nata tun muna amare, ga shi yau kowaccenmu da jikoki, saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba ji na yi ba, gani na yi.

A nan aka haife ta, a wannan ɗan garin namu na masunta da ke gaɓar Nova Scotia. Mahaifinta a kamfanin gyaran kifi ya ƙare aiki, mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba. Mahaifiyarta kuwa a ofishin waya take, zamanin da sai ta haɗa ka da wanda kake nema kafin ku yi magana, kuma kowa ya san in ta haɗa ɗin ba ta janye kunnenta. Shi ya sa mutane ke cewa Lorna a nono ta sha. Tun tana 'yar makaranta take yi wa ƙawayenta gyaran gashi a kicin. Da ta auri Clyde, mai gyaran injin jiragen ruwa, sai ya mayar mata da ɗakin ƙasa na gidansu shago: kujeru biyu, babban madubi, da na'urar busar da gashi irin wadda ake kifa wa mutum a ka kamar tukunya. Babu kan mace a garin nan da bai bi ta hannunta ba, kuma babu labarin da bai bi ta bakinta ba.

Amma fa a yi mata adalci, don ni ina jin haushin masu kiranta matsegunciya. Lorna ba ta yaɗa mugun labari. In aurenki na tangal-tangal, ko ɗanki ya kwana a hannun 'yan sanda, za ta kawo miki miyar kifi da madara a kwano, ta zauna da ke, kuma ba za ki taɓa jin zancen a waje ba. In an yi rasuwa ita ke zuwa ta gyara gashin mamaciya, ba ta taɓa karɓar ko sisi a kai ba. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne labarin daɗi. Ciki, baiko, sabon jirgi, ɗa zai dawo gida hutu, waɗannan ba sa kwana a cikinta. A iya sanina ba a taɓa shirya wa kowa walimar ba-zata a garin nan ta zo masa a ba-zata ba.

Wannan halin ne ya jawo mata asarar da ta fi damunta. Bernice Zwicker ƙawarta ce tun aji ɗaya. Bernice ta daɗe da aure ba haihuwa, har ta fara fid da rai, sai ga ciki. Lokacin mijinta Murray yana teku, a jirgin da kan yi kwana da kwanaki bai dawo ba. Ta saƙa 'yar safa ta jarirai, ta yi niyyar in ya dawo ta kifa mata kwano a gurbin abincinsa, ya buɗe ya gani, ita kuma ta ga fuskarsa. Mutum ɗaya ta faɗa wa, Lorna. Ita ma Lorna mutum ɗaya ta faɗa wa, sai dai matar tana ƙarƙashin na'urar busar da gashi ne, dole sai da ta ɗaga murya, ga tagar shago a buɗe. Ranar da jirgi ya iso, Murray bai gama ɗaure igiya ba maza suka rufe shi da bubbuga kafaɗa suna masa barka. Ya shigo gida yana dariya da labarinsa a baki, safa na nan a ƙarƙashin kwano.

Bernice ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da abin ya zo da sauƙi. Ta ci gaba da kawo kanta gyara duk Juma'a, suna gaisawa, suna dariya, har yaron ya girma ya yi nasa auren, har teku ta ɗauke Murray a wata guguwa, Lorna ce ta yi ta kwana a gidanta. Amma tun daga waccan ranar Bernice ba ta sake faɗa mata wani abu mai nauyi ba. Sai zancen sanyi, sai tsadar man shanu. Lorna ta sani, kuma abin yana ci mata rai, don ta sha faɗa mini ta kan shinge.

To ana nan sai Gidan Tangaran ya shigo rayuwarmu. Wasan talabijin ne na Ingila, labarin wani iyali masu masana'antar kofuna da farantai a zamanin keken doki da fitilar aci-bal-bal. Akwai masu gida da rigingimunsu na gado, amma mu ba su ne gabanmu ba. Mu namu mutum biyu ne: Miss Averil, wadda ke zana furanni a jikin kofuna, ta manyanta ba ta yi aure ba, da Mista Crake, mai kula da tanderun gasa tangaran. Tun zangon farko suke kallon juna ta ƙasan ido. Ya kawo mata garwashi, ta ɗinke masa maɓalli, amma mutumin nan ya kasa buɗe baki ya ce komai. Shekaru muka yi muna zaginsa muna sonsa.

Kowa kan kalla a gidansa ranar Lahadi, Litinin da rana kuma mu haɗu a zauren coci mu baje shi a faifai. Mu mata goma sha wani abu ne, sai namiji ɗaya tilo, Wendell Corkum, tsohon masunci da matarsa ta rasu, wanda ya rantse shi biskit ɗin da Bernice ke gasawa ne ke kawo shi. Shugabarmu Malama Hirtle ce, ta koyar da rabin garin nan lissafi, kuma har yau in ta yi gyaran murya sai kowa ya gyara zama.

Matsalar ɗaya ce. Mutanen Ingila su suke fara gani, su gama a Kirsimeti, mu sai bayan sabuwar shekara ake fara nuna mana, mu ƙare a Maris. Ke nan duk abin da muke musu a kai, can ƙetaren teku har yara sun san amsarsa. Don haka Malama Hirtle ta kafa doka tun farko: duk wadda ta leƙa gaba a intanet, ko ta furta abin da ba mu kai gare shi ba, babu ita babu shayin ƙarshe. Shayin ƙarshe kuwa ba wasa ba ne. Ranar ne muke kallon kashin ƙarshe tare, kowa cikin shigar zamanin da, da malafa da safar hannu. Bana da aka ce daga wannan zangon wasan ya ƙare ke nan, tun da rani Lorna ta fara haɗa wata malafa mai gashin tsuntsu, wadda sai ta karkata kai take wuce ƙofa da ita.

Sai 'yarta da ke aure a Ingila ta haihu gab da Kirsimeti. Lorna ta tafi ganin jika, ta dawo a farkon Janairu, kuma tun daga yadda ta sauko daga mota na san akwai magana. Ba ta ɗago mini hannu ba, ta shige gida da sauri kamar wadda ta sato wani abu.

Ranar Litinin ɗin farko, ba mu gama zuba shayi ba ta miƙe tsaye.

"Jama'a, ku yafe ni. Na ga ƙarshensa."

Sai kowa ya toshe kunne. Wata ta fara rera waƙar coci da ƙarfi don kada ta ji komai. Malama Hirtle ta buga cokali a jikin kofi.

"Lorna Veinot, ki kama bakinki! Da gangan kika kalla?"

"Na rantse da Allah ba da gangan ba, Malama. Ranar Kirsimeti ce, mun gama cin abinci a gidan surukan 'yata, jariri ya wuni yana tsala kuka, sai a hannuna ya yi barci. Uwarsa ta ce, Mama in kin motsa ba ni ba ke. Sai kawai tsohuwar gidan ta kunna talabijin. Na rufe ido, to kunnen fa? Da wane hannun zan toshe? Hannu biyu gare ni, duka suna ƙarƙashin yaro!"

"Kuma har ƙarshe kika ji?"

"To da na ga na riga na ji, ai sai na buɗe idon."

Aka kwashe da dariya, amma dariyar tsoro ce. Wasu suka ce a sallame ta sai Maris, don lafiyar kowa. Wendell ya ce a manne mata baki da salatif irin na gyaran jirgi, shi zai kawo kyauta. Malama Hirtle ta yanke hukunci cewa tunda ba ganganci ba ne za ta zauna, amma kalma ɗaya in ta kuɓuce, malafarta sai dai ta sa ta a kicin ɗinta.

Bernice ce ta yi magana daga ƙarshe, a hankali, tana jera biskit a faranti ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku daina wahalar da kanku. Kafin Laraba duk mun ji. Ni dai Lorna, in kika ɓata mini wannan, garin gaba zan riƙa kai kaina gyara."

Ba wanda ya yi dariya. Na ga Lorna ta zauna a hankali, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe ta da hannu biyu.

Laraba ta zo ta wuce, ba a ji komai ba. Wata Larabar ma haka. Ni da nake maƙwabciyarta ni na ga wahalar da matar nan ta sha. A shago sai ta cika bakinta da fil ɗin maƙale gashi, in an yi mata tambaya ta nuna bakin da yatsa. Matan garin nan kuwa ba su da tausayi ko kaɗan. Sai su zauna a kujera su ce, "Ni dai na san Crake ba zai taɓa furtawa ba," suna kallon girarta ta madubi. Da ta gane fuskarta ma tana fasa ƙwai, sai ta rataya tawul a kan madubin, ta ce wai ya tsage. Ranar Litinin kuma takan juya kujerarta ta fuskanci bango da saƙarta a hannu, mu muna cacar baki a bayanta.

Cacar baki kuwa an yi ta bana. A zangon nan wani ɗan kasuwa daga London ya zo yana son ya tafi da Miss Averil ta riƙa yi masa zane a can, sai muka rabu gida biyu.

"Ta bi shi mana! Za ta tsufa tana jiran mutumin da bakinsa ya fi ƙofar tanderu nauyi?"

"Haba ke kuwa, ba ki ga yadda ya riƙe kofin da ta zana ba? Kamar ƙwai!"

"Kofi zai aura?"

Wendell ya ajiye biskit ya ce, "Ku ba ku san zuciyar namiji ba. Tsoro yake ji. In ya tambaya ta ce a'a, har ɗan zaman da suke yi tare ya rasa shi."

"Tabɗi! Kai da ka ce biskit ne ya kawo ka?"

Kunnuwansa suka yi ja, ya ce shi fa wucewa kawai yake yi ta gaban talabijin. Muka yi masa ca har sai da ya tashi ya ce zai je ya ɗumama mota, don shi ke sauke Bernice a gida saboda santsin ƙanƙara a hanya. Duk wannan abin da ake yi, bayan Lorna kawai muke gani, kafaɗunta na rawa, alluran saƙa na ƙara kamar za su karye.

Wata safiya na shiga aron sukari na same ta tsaye a bayan Clyde, yana cin ƙwai, 'yan na'urorin jinsa na ajiye a kan tebur. Ta sunkuya tana zuba masa magana a ƙeya, baki har kumfa. Da ta gan ni sai ta dafe ƙirji.

"Glenda, ba ki ji komai ba ko?"

"Ban ji ba. Me kike yi haka?"

"Ragewa nake. In ban rage ba fashewa zan yi. Shi ai in ya cire abin nan ko jirgi ya faɗo ba ya ji."

Clyde ya ci gaba da cin ƙwansa.

Babbar jarrabawar sai a kashin kusa da na ƙarshe ta zo. Tanderu ya kama da wuta, Mista Crake ya koma ciki don ya fito da wani ma'aikaci, aka nuna an ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa ba ya motsi, Miss Averil na gudu a bayansu, sai kiɗan tashi. Ni kaina sai da na jefi talabijin da matashin kujera.

Ranar Juma'a ina ƙarƙashin tukunyar busar da gashi lokacin da Bernice ta shigo. Na'urar ta riga ta tsaya, amma na ƙi fitowa, don ni ma ba waliyyiya ba ce. Lorna ta wanke mata kai, ta fara naɗe gashin a robobi. An yi rabi sai Bernice ta kama hannunta.

"Lorna, tun Lahadi ban yi barcin kirki ba. Ba sai kin faɗa mini komai ba. Yana da rai ko babu? Shi ke nan."

Lorna ta ƙara cusa fil a baki.

"Ni ce nake tambayar ki, ba wata ba. Ba zan faɗa wa Malama ba. Na san wasa ne, na san mutumin yana can Ingila yana shan shayinsa. Amma na taɓa tsayawa a bakin teku ina jiran a ce mini yana da rai ko babu, ba na son jira irin wannan ko da na wasa ne. Ki gyaɗa kai kawai."

Ban taɓa jin tausayin Lorna kamar ranar ba. Ga abin da za ta faɗa a bakinta, ga ƙawarta na roƙo, kuma shekara da shekaru rabon da Bernice ta nemi wani abu a wurinta banda gyaran gashi. Na ga wuyanta ya sandare don kada kai ya gyaɗu da kansa. Ta cire filin da ke bakinta ɗaya bayan ɗaya ta ajiye.

"Bernice, na taɓa ƙwace miki abu sau ɗaya, har yau ban iya mayar miki ba. Ba zan ƙara ba. Ki ji haushina in kina so. Jibi ki gani da idonki."

Bernice ta miƙe, ta ɗaura ɗankwali a kan robobin, rabin kai a naɗe rabi a jiƙe, ta fita ba sallama. Lorna ta zauna a kujerar da ta bari ta fashe da kuka.

"Shi ke nan, Glenda. Na faɗa na rasa ta, na yi shiru ma na rasa ta."

Na ce ta share hawaye ta zo ta cire ni daga tukunyar nan kafin kaina ya dahu.

Ranar Lahadi da yamma zauren coci ya koma Ingila, irin Ingilar da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu sai a talabijin. Kowa ta fito da kofunan tangaran na kakarta. An yi burodi da kokwamba a tsakiya, wanda duk shekara muke yi kuma babu mai ci. Wendell ya sa kwat ɗin mahaifinsa yana zagayawa da butar shayi, maɓallin ciki na neman tsinkewa. Clyde ya zo haɗa mana wayoyin babban talabijin. Lorna ta shigo a karkace saboda malafa, Malama Hirtle ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Kin ci kujerarki, zauna." Bernice na can ɗaya gefen, gashinta a gyare, da gani ita ta ƙarasa abinta a gida. Ba su gaisa ba.

Aka kashe fitila. Mista Crake bai mutu ba, hannunsa ne ya ƙone. Da aka nuna ya buɗe ido sai Bernice ta saki wata ajiyar zuciya da duk zauren ya ji. Daga nan aka yi ta jan mu, ɗan kasuwar London ya zo da keken doki, an ɗora akwatin Miss Averil, Crake na tsaye a ƙofar masana'anta da hannu a naɗe, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa ya ce mata Allah ya kiyaye hanya. Har keken ya motsa, sai ta ce a tsaya. Ta sauko ta tako har gabansa ta ce tunda shi ya kasa, ita za ta tambaya.

Bernice ta miƙe tsaye, kofinta ya kife, ta ce, "Ita ce ta faɗa! Wayyo Allah, ita ce ta faɗa!" Tana dariya tana kuka, hannu a baki. Na waiwaya in ga Lorna. Ko sau ɗaya ba ta kalli talabijin ba, fuskar Bernice take kallo tun da aka fara.

Ashe ba Bernice kaɗai take kallo ba. Ana kunna fitila ta miƙe, malafa na rawa.

"Malama Hirtle, ina da tambaya. Me ya sa kika fito da hankicinki tun keken bai tsaya ba?"

Malama Hirtle ta yi saurin ɓoye hankicin.

"Mura nake yi."

"Mura? To ku fa? Ina kallon ku! Tun ana ɗora akwati kowa ta shirya hankici, waccan har ta fara murmushi. Wa ya faɗa muku za ta sauko? Ni dai ba ni ba ce!"

Aka fara kallon silin. Can wata ta ce ita jikarta ce ta nuna mata a waya, ba ta san abin da za ta gani ke nan ba. Wata ta ce bayan gobarar ta kasa haƙuri, layi ɗaya kawai ta karanta. Malama Hirtle, mai doka da kanta, ta gyara gilashi ta ce a matsayinta na shugaba ya zama dole ta san abin da take karewa. Ni kuwa kada a tambaye ni, butar shayi nake dubawa a lokacin.

"Munafukai!" in ji Lorna. "Tun Kirsimeti nake cin filin gashi! Na rufe madubina, na yi wa mutane gyara a makance, na zauna ina kallon bango kamar yarinyar da aka hukunta, ashe duk kun sani! Mijina kaɗai ne mai gaskiya a nan, shi da bai ji komai ba."

Clyde na naɗe waya ya ce, "Ai ina ji. Kunnen hagu ne ya mutu, ke kuma ta dama kike tsayawa."

Dariyar da aka yi har sai da Wendell ya ajiye buta ya riƙe bango. Da aka bincika, duk zauren mutum biyu ne suka shigo ba su san ƙarshe ba, Bernice da Wendell.

Wajen wanke kofuna na ɗauko tire zan shiga kicin sai na hango su biyu a gaban famfo, Lorna na wankewa Bernice na gogewa. Na tsaya daga ƙofa.

"Da kin faɗa mini ranar Juma'a," in ji Bernice, "da na gode miki, kuma da ban yafe miki ba."

Sai ta ɗage gefen malafar, ta kai bakinta kunnen Lorna ta yi mata raɗa. Kofi ya suɓuce daga hannun Lorna ya faɗa ruwa. Ta buɗe baki za ta yi ihu, ta sa hannu mai kumfa ta toshe.

A hanyar gida na ce, "Me ta ce miki?"

"Wai gishiri ya yi yawa a burodin."

"Lorna, ni ce fa, Glenda."

"Sai da safe, Glenda."

Na bi ta da lallashi, na bi ta da fushi, na kai mata kek har gida. Tawul ya koma kan madubi, fil ya koma baki, kuma na lura ta daina tsayawa ta daman Clyde. Ƙanƙara ta narke, jirage suka fara fita, matar nan ba ta ce uffan ba. Raina ya ɓaci sosai, don ban saba neman labari a garin nan in rasa ba.

Ranar Ista, bayan wa'azi, fasto ya ce yana da sanarwa mai daɗi: za a ɗaura auren Wendell Corkum da Bernice Zwicker a watan Yuni. Coci ya ɗauki sowa. Mun yi shekaru muna leƙen Averil da Crake ta gilashi, ga namu a gabanmu yana ɗumama mota duk Litinin, babu wadda ta gani. Daga baya muka ji cewa a motar ne, a hanyar zuwa shayin ƙarshe, ya yi ta buɗe baki yana rufewa, da aka gama kallo ya fita ɗauko mata mayafi kuma, sai ta bi shi waje ta yi masa tambayar da kanta.

Bernice na kujerar gabanmu. Ta juyo tana kallon fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa baki buɗe, ta kalla har ta ƙoshi. Sannan ta miƙo hannu ta kama na Lorna.

"To ƙawata, na sake ki. Je ki faɗa."

Lorna ta buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ta riƙe hannun kawai, hawaye na sauka a kan rigarta ta Ista, har aka tashi daga coci.

Sai bayan abincin rana muryar ta dawo. Ina jin ta ta taga tana buga waya gida-gida, duk mutanen da suka ji da kunnensu a coci. Can tawa wayar ta yi ƙara, ni da muka zauna kafaɗa da kafaɗa.

"Glenda! Kin ji kuwa? Bernice za ta yi aure!"

Na jawo kujera na zauna, na ce, "Haba dai! Da wa?"